Buhun da Yaya Ya Ajiye

Auren mai goge gajiya ne, wannan kam ba sai an gaya mini ba. Mutane suna jin waƙa bayan an gama ta, su yi rawarsu su tafi gida. Ni kuwa tun tana ɗanya nake jin ta, baiti ɗaya a yi ta nanata shi daga hantsi har la'asar, har kajin gidan ma su haddace. A lokacin muna zaune a Zangon Kumasi, cikin wani gidan haya mai yawan jama'a, ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai. Sana'ata tsintar goro, wadda na gada wurin Innarmu. Fatake su aiko mini da kwanduna, in zauna bakin ƙofa in ware mai sankara da mai lafiya, in jera cikin ganye. Maigidana yana bayana kan tabarma da gogensa, bayana na ciwo, shi kuma yana neman kalmar da za ta zauna daidai.

Yayana, wanda nake bi, lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Shekara da shekaru yana ɗaukar buhun koko a wuya daga sito zuwa bakin ruwa. Igiyar injin ɗaga kaya ta taɓa cire masa ƙaramin yatsan hannun hagu, aka ɗaure masa da tsumma, washegari ya koma aiki. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in ya yi dariya ma kamar an tilasta masa.

Sai ga shekarar da leburorin bakin ruwa suka yi yajin aiki. Ban je ba, ban gani ba. Abin da na sani shi ne ladan yini ba ya ciyar da gida, kuma wanda ya ji rauni sallamarsa ake yi. Yajin ya daɗe har mata suka sayar da tukwanensu. A ƙarshe aka koma ba a sami abin kirki ba, aka kori mutane da yawa. Ayarin su Yaya kuwa gaba ɗaya aka kora, domin a sitonsu aka fara tsayawa. An tara su an ce su faɗi wanda ya fara ajiye buhu, sauran su koma aikinsu. Ba wanda ya buɗe baki. Kowa a cikinsu ya san Yaya ne, amma haka suka tattara tabarminsu suka hau jirgin ƙasa suka zo Kumasi.

Wasu suka shiga dako a babbar kasuwa, wasu suka sami injin katako wajen Oforikrom, wasu suna kwaɓa siminti a Krofrom ranar da aka samu. Yaya ya zo da matarsa da 'ya'yansa, suka cushe a ɗakin Inna. Ya gwada dako, amma masu dako a Kumasi sun fi kayan yawa. Sau da yawa in na aika da tuwo gidan Inna, kwanon kan dawo a suɗe tas, in san ba a ɗora tukunya can ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci mutanen sukan taru a ƙofar gidanmu, su yi ta maimaita labarin yajin. Maigidana yana gefe, kunnensa a buɗe. Ba a jima ba na fara jin labaran nan suna fitowa daga bakin goge. Haka ya yi ta yi har ya haɗa waƙa uku. Ana nan sai wani mai kantin garmaho a cikin gari ya ji labari, ya aiko cewa in Baturen da ke ɗaukar murya ya zo, a kawo waƙoƙin a sa su a faifai. Ranar maigidana bai iya cin abinci ba don murna. Duk rayuwarsa a gidajen biki da suna yake kiɗa, ga shi yau muryarsa za ta je inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Amma yana da wata ƙa'ida da ya koya wurin maigidansa na kiɗa. Waƙar da ta ambaci mutum mai rai ba ta fita waje sai an tara masu ita sun ji. Shi ɗanɗano yake ce wa abin, kamar yadda mace ke ɗanɗana miya kafin ta zuba wa baƙi. Bayan kowane baiti sai a dubi mai shi. In ya ce a bar shi, ya zauna. In ya ce a binne, an binne ke nan, mawaƙin ba zai sake furta shi ba har ya mutu. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya faɗa da bakinsa, a gaban jama'a, bayan ya ji. Ba aike, ba raɗa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi ɗanɗanon, Yaya ya zo da hantsi ya tsuguna kusa da kwandona. Ya ɗauki goro ɗaya yana juyawa.

"Auta," ya ce, haka yake kirana, "an ce sun fara mai da mutane a Takoradi. Ɗai-ɗai, a matsayin sababbi. Akawun ƙofa ma an canja shi."

"To, Yaya, sai me?"

"Zan koma. Yaran nan ba sa ƙoshi." Ya sassauta murya. "Ban gaya wa kowa ba sai Inna. Har yanzu suna neman wanda ya fara. In ba su sani ba, za su ɗauke ni."

Ni kuwa na san abin da ke cikin babbar waƙar. Wata da watanni ina jin ta a ƙeyata. Baitin da ya fi kowane daɗi na Yaya ne, kuma bai bar komai ba: tsawonsa, yatsunsa tara, sana'ar uwarsa, unguwarsu. In faifan nan ya isa Takoradi, ko kurma ne akawun ƙofa sai an nuna masa mutumin da hannu. Na gaya wa Yaya haka. Ya daɗe yana kallon goron, sannan ya ce zai zo ya ji.

Da yamma na tare maigidana. Na ce masa don Allah don Annabi ya cire baitin nan a ɓoye, ba wanda ya san da shi sai ni da shi da 'yan amshinsa. Ya ce ba zai iya ba. Wai baitin ba nasa ba ne yanzu, na Yaya ne, kuma mutanen da suka rasa aiki saboda shi suna da hakkin su ji. Na ce, "Kai dai faifanka kake ji." Ya ce, "Wallahi ina jin faifaina, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko ba faifai, haka ake yi." Na yi masifa har maƙwabciyarmu Batoniya, 'yar asalin garin, ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Bai motsa ba. Mutum ne mai sanyi a komai, ko gishiri ya yi yawa a miya ba ya magana, amma a kan wannan ƙa'ida tasa ya fi jaki taurin kai.

To ga inda abin ya tsaya. In Yaya ya bar baitin, ya rufe wa kansa ƙofar Takoradi. In zai binne shi, sai ya miƙe a gaban mutanen da suka zaɓi kora a kan su faɗi sunansa, ya gaya musu zai koma wurin waɗanda suka kore su.

Ran Juma'ar na share tsakar gida, na aro benci, na dafa shayi a babbar tukunya. Bayan la'asar suka fara shigowa. In kana bayansu za ka gane su ko ba a faɗa ba, kowa da kantar buhu a ƙeya, baƙa ƙirin, kuma kowa kansa a ɗan karkace. Helumansu, wato tsohon da ke shugabantar ayarin, aka ba shi kujera. Mata muka zauna wajen murhu. Inna, wadda tun da aka yi aurena take cewa goge kayan shaiɗan ne, ta zo ta zauna ta ba makaɗan baya, tana jan carbi. Yaya ya zauna a ƙarshen benci, hannunsa na hagu cikin aljihu.

Waƙar farko ta buhun koko ce, yadda yake hawa wuyan mutum da safe yana da nauyi ɗaya, da yamma ya zama biyu. Suka yi ta dariya suna nuna juna. Wani ya ce an manta ƙaiƙayin buhun algarara, maigidana ya ce zai sa. Heluma ya ce, "Ta fita."

Ta biyu ta mata ce, waɗanda suka sayar da tukwane da zannuwan aure suka ciyar da gida lokacin yajin. Nan ba a yi dariya ba. Matar Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka gama heluma ya juyo wajenmu ya ce wannan ba tasu ba ce, mata su faɗa. Wata tsohuwa ta ce, "A bar ta, su ji abin da muka gani." Ita ma ta fita.

Sannan maigidana ya goga ƙaro a izgarsa, masu ƙwarya suka gyara zama, aka shiga babbar. Amshinta kawai shi ne, "Yau jirgi ya jira mu." Kafin a zagayo sau biyu duk tsakar gidan ta ɗauka. Maigidana yana bin mutanen ɗaya bayan ɗaya, wanda ya raba garinsa da maƙwabta, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai, wanda ya yi ta limanci a bakin ƙofar tashar. Duk wanda aka zo kansa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, a tsaya, ya ce a bar shi. Ni kuwa ludayin shayi yana hannuna, na kasa zubawa na kasa ajiyewa. Na san baitin da ke tafe.

Maigidana ya ɗaga murya:

Dogo mai yatsa tara, ɗan mai goro,
Na Zangon Kumasi, ba ka da tsoro,
Kai ka ɗaga buhu ka maka da ƙasa,
Ka ce yau jirgi ya ɗauki kayansa.

Kai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Maza suka miƙe tsaye. Wani ƙato da ke dako a kasuwa ya fashe da kuka, yana amshi yana kuka. Suka sa aka maimaita, aka sake maimaitawa. Har Inna na ga carbinta ya tsaya. Ni kaina, duk da haushin da nake ji, sai da tsigar jikina ta tashi, domin baitin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Goge ya yi shiru. Kowa ya juya wajen Yaya, fuskoki a sake, ana jiran abin da aka san zai faɗa. Heluma ma cikin dariya ya yi tambayar.

"To, dogo, a bar shi?"

Yaya ya miƙe a hankali. Bai dubi kowa ba.

"A binne shi, Baba."

Heluma ya ce bai ji ba.

"A binne shi. Zan koma Takoradi. In faifan nan ya je da ni a ciki, ba za su ɗauke ni ba."

Ƙaton nan da ya yi kuka shi ya fara magana, hawayen ma ba su bushe ba. Ya ce, "Mu da aka ce mu faɗe ka mu koma aiki muka ƙi? Ni ina ɗaukar doyar mutane a ka saboda kai, kai kuma za ka koma ka ce musu ranku ya daɗe?" Wasu suka goya masa baya. Wani ya ce wannan waƙar ita kaɗai suka samu a yajin nan, ita ma za a yanke mata kai. Yaya yana tsaye, gumi na bin kantar ƙeyarsa. Na so in tashi in ce musu su zo su ga kwanon da ke dawowa daga gidan Inna, amma mace ba ta magana a nan sai an tambaye ta, kuma ba a tambaye ni ba.

Heluma ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Ya isa. Da muka rufe bakinmu, don ya ci abinci muka rufe, ba don ya shiga faifai ba. Mai baiti ya ce a binne. Mai goge, binne." Ya faɗi haka, amma shi ma bai sake duban Yaya ba.

Maigidana ya ɗauki goge. Yadda ake binnewa shi ne a kaɗa baitin sau ɗaya ba murya, 'yan amshi su yi shiru, shi ke nan. Ya kaɗa. Da ya kai ƙarshe ya share izgar da gefen rigarsa ya ajiye. Mutane suka fara neman takalmansu. Ba wanda ya yi faɗa kuma, sai dai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Shayin da na dafa har da madara, rabin tukunya ya rage, na rarraba wa yaran gidan. Na mai da bencin da na aro ni kaɗai. Ranar na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Yaya ya tafi cikin makon. Ba wanda ya raka shi tasha daga ayarin sai heluma, shi ma ya ce hanya ce ta biyo da shi. An ɗauke shi, leburan yini, in akwai jirgi a kira shi, in babu ya koma gida. Daga baya matarsa ta gaya mini kullum in zai wuce akawun ƙofa sai ya naɗe hannun hagu cikin gammonsa. Ta bi shi da yaran, suka ci gaba da cin abinci, ba mai yawa ba amma kullum.

Faifan ya fito. Abin da aka ba maigidana bai kai a faɗa ba, amma ya sa hularsa a karkace wata guda. A wurin baitin Yaya bai cusa na wani ba, goge ne kawai ke tafiya ba murya, sannan amshi ya dawo. Masu saye suna tsammani gwaninta ce. Faifan ya je Takoradi kuwa. Akwai mai shayi kusa da ƙofar tashar da ke da garmaho, ya mai da shi abin kiran ciniki. Kowace safiya Yaya sai ya wuce ta gabansa, yana jin ana kiran abokansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga ya ɗauki buhu.

Bayan an sami 'yancin kai ya zo mana Babbar Sallah. Ya rame, wuyan ya ƙara karkacewa, furfura ta fito. Washegarin Sallah da hantsi ya zo gidanmu, ya tarar maigidana yana shirin tafiya wani biki. Suka gaisa. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baitin nan fa. Ko za ka ɗan yi mini shi, a hankali, mu kaɗai?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka yi haƙuri. Na binne shi a gaban mutane. Ba zan iya ba." Ya rataya gogensa ya fita da sauri, ko hularsa bai gyara ba. Na bi bayansa da harara, amma na san ba zai juyo ba.

Yaya ya ce ba komai. Ya tsuguna kusa da kwandona kamar wancan karon, ya fara taya ni tsinta. Ya iya, ɗan Inna ne. Muka ci gaba da tsinta, goro yana faɗawa kan ganye. Ni ba mawaƙiya ba ce, ban taɓa ɗaga murya a gaban namiji ba, kuma ban yi wa kowa alkawarin binne komai ba. Ban dube shi ba, idona na kan kwando, na faɗi baitin da baki kamar mai ba da saƙo, tun daga dogo mai yatsa tara har zuwa jirgi ya ɗauki kayansa.

Hannunsa ya tsaya. Can sai na ji ya yi 'yar dariyar nan tasa ta dole.

"Mijinki ya ƙara gishiri, Auta. Ban maka shi da ƙasa ba. A hankali na ajiye shi, don kar ya fashe a cire a ladana. Kuma ban ce wa jirgi komai ba. Zama kawai na yi a kai, ƙafafuna sun ƙi."

Na ce, "To, in gyara?"

Ya girgiza kai. Ya share ido da bayan hannun nan mai yatsa huɗu, ya jawo kwandon kusa da shi.

"A'a, bar shi yadda yake. Sake faɗa mini."